Wuƙar Ɓare Lemo

Wuƙar babana na ƙasan akwati a Agege,
naɗe cikin tsohuwar riga, da kubenta na jar fata.
A Malumfashi ba wanda ya taɓa kallon ta sau biyu.
Da ita ake feƙe alƙalami, a yanke igiyar akuya,
a raba goro huɗu in baƙi sun fi goron yawa.
Nan kuwa, sau ɗaya na zare ta cikin danfo
don zaren da ya sarƙe a maɓallin rigata,
sai mota ta yi tsit kamar an ɗauke wuta.
Wata mata ta janye ɗanta kan cinyarta.
Kwandasta ya manta da canjina, ni ma na manta.
Na sauka tun kafin Oshodi, na ƙarasa da ƙafa,
kunya na bin sawuna kamar mai bin bashi.

Ban ga laifin matar ba.
Wanda maciji ya sara, baƙin tsumma ma gudunsa yake,
kuma ban san abin da ta taɓa gani ba a ƙarƙashin gada.

Ranar Asabar na shiga Idumota neman wata.
Obiora ya baje mini su a kan buhu:
ga baƙa mai haƙora kamar kada,
ga mai tsalle da kanta in ka taɓa mata ciki,
ƙaras! har ni mai saye sai da na ja baya.
"Wannan ta maza ce," in ji shi.
Na ce masa maza sun gaji,
ni lemo nake ɓarewa a bakin titi.

Ba na son mai tsini, ba na son mai ƙyalli,
ba na son wadda ke shiga zance kafin a yi sallama.
Ina son wadda sai da hannu biyu take buɗuwa,
a hankali, yadda ake buɗe saƙon gida,
har mai kallo ya sami sararin ganin fuskata
kafin ya ga ƙarfe.

Can ƙasan tarin na hango ta,
gajeruwa, ba ta kai ɗan yatsana ba,
ƙota ruwan ɗorawa, kalar motocin garin,
bakinta a dunƙule kamar hancin ɗan maraƙi,
da ɗan zobe na rataya makulli.
Obiora ya yi dariya, wai ta 'yan makaranta ce.
Na ce a naɗe. Ko tayi ban yi ba.

Wata uku ke nan tana aljihuna.
Ɗan sanda ya laluba ni a gadar Ikeja,
ya juya ta, ya juya,
ya gyara farcensa da ita, ya miƙo mini.
Iya Morenike mai kifi, da muke raba inuwar lema,
ba ta ma tambaya yanzu, hannu take miƙowa,
ta yanke leda, ta goge a zane, ta mayar.
Jikarta na tsayawa ta ga ɓawon lemo
yana saukowa dogo ɗaya, bai tsinke ba,
ta ɗauka ta yi sarƙa da shi.

Kaifin fa ɗaya ne. Na wasa ta a dutse ɗaya.
Ta yanke ni sau biyu, ta babana sau ɗaya tak.
Wani lokaci nakan ce ba wuƙar suka gani ba ran nan,
hulata suka gani, da harshena in na ce a tsaya.
Wannan kuwa ba a sayar da ƙaramarsa a Idumota.

Daren Juma'a, in janareton maƙwabta ya yi shiru,
nakan buɗe akwati in shafa wa tsohuwar man gyaɗa.
Jiya Ɗanliti ya farka ya gan ni,
ya ce, "Baba, wacce za ka bar mini?"
Na ce ya koma barci,
gobe da asuba akwai lodin lemo a Ketu.